Wai da gaske ne guguwar teku tana mutuwa da zarar ta hau tudu?

Maman_Ilham:
Assalamu alaikum mutanen gida. Don Allah masana yanayi ku zo ku raba mana gardama ni da maigidana. Jiya da daddare muna kallon wani bidiyo, bakin teku cike da jama'a ana wanka ana shan iska, rana ma ba ta ɓuya sosai ba, kawai sai ga wani abu kamar igiya ya zuro daga gajimare ya taɓa ruwa yana juyi yana matsowa, kuma wlh ba wanda ya motsa, kowa ya ɗaga waya yana ɗauka. Kafin ka ce kwabo ya iso kan yashi ya yi sama da laimomi da kujeru, sai ihu. Shi ya ce ai ba wani abu ba ne, guguwar ruwa ce, ruwa take sha, da ta hau tudu ƙarfinta ya ƙare. Ni kuma na ce abin da ya ɗaga kujera ai zai ɗaga yaro. To wa ya fi gaskiya? Kuma me ya sa ba a gargaɗin mutane tun kafin ta zo?

Sarkin_Musu:
Wa alaikumus salam. Hajiya ki ba Alhaji haƙuri, shi ke da gaskiya. Ta ruwa daban, tonado daban. Tonado ita ce mai niƙe gari a tsakiyar Amurka, wannan ta teku kuwa burga ce kawai, minti biyar ta watse.

Malam_Taswira:
Wa alaikumus salam. Maman Ilham kowa a cikinku ya riƙe rabin gaskiya, don abin da ake kira guguwar teku iri biyu ne, kuma a ido da wuya ka bambance su daga nesa.

Ta farko ita ce ta lokacin da gari ke lafiya lau. Ruwan teku ya ɗumama, iska ba ƙarfi, gajimare yana tasowa yana kumbura. Idan iskoki biyu suka haɗu a saman ruwa daga ɓangarori daban sai su ɗan fara juyi, iskar da ke hawa cikin gajimaren nan sai ta ja juyin sama ta matse shi ya tsuke, yana tsukewa yana ƙara gudu. Daga ƙasa take farawa ta hau sama. Irin wannan tafiyarta a hankali ne, yawanci ba ta wuce minti 5 zuwa 20, kuma gaskiya ne tana yawan watsewa jim kaɗan bayan ta hau tudu. A nan Alhaji ya yi daidai.

Ta biyu kuwa tonado ce cikakkiya, kawai dai a kan ruwa aka haife ta. Uwarta gagarumin hadari ne wanda shi kansa juyawa yake, da tsawa da walƙiya, wani lokaci har da ƙanƙara. Wannan babu ruwanta da ko ruwa ne a ƙarƙashinta ko kwalta, don ƙarfinta daga hadarin yake zuwa. Ta hau tudu ta ci gaba da aikinta.

Maman_Ilham:
Na gode Malam. Wato dai ban faɗi ba kenan hhh

Sarkin_Musu:
To ai ta farkon nake nufi. Ita ce aka fi gani a bidiyo.

Yar_Baba:
@Sarkin_Musu ko ta farkon ma kar ka raina ta Yaya. Ranar 25 ga Mayu 2015 a Fort Lauderdale da ke jihar Fulorida ta Amurka, ranar hutu ce bakin teku ya cika, wata ƙarama ta fito daga ruwa ta ɗauki gidan wasan yara irin na roba ɗin nan da ake hura wa iska, da yara uku a ciki. Yaran suka faɗo kan yashi, shi kuma gidan ya haye saman bishiyoyi ya tsallake titi. An kai su asibiti, Allah ya sa da sauran kwana. Kuma da aka auna ta a matakin ƙarshe na rauni aka sa ta. To in mai rauni ta yi wannan ina ga babbar?

Maman_Ilham:
Innalillahi. Abin da nake faɗa masa kenan fa, yaro ba nauyi gare shi ba.

Dan_Jirgi:
Ni aikin jirgin dakon kaya nake, shekara 11 kenan, na ga abin nan ya fi a ƙirga. Bari in ba ku wanda ba zan manta ba. Da sassafe ne ina bakin aiki a saman jirgi, teku kwance luf kamar an shimfiɗa tabarma, ko ganye ba zai motsa ba. Sai na hango wani tabo mai duhu a kan ruwa, zagaye, kamar an zubar da mai. Na ɗauka ma inuwar gajimare ce. Ba a jima ba ruwan wajen ya fara tafasa yana feshi a da'ira, sai da na ɗaga kai sannan na ga wani ɗan tsini ya leƙo daga gindin gajimare, tsakaninsa da ruwan ba komai, fili ne fetal. Ashe tuni sun haɗe, ido ne kawai ba ya gani. Can sai farin ya cika tsakiyar ya zama igiya ɗaya doguwa tana lanƙwasa. Ƙararta kamar ana juye tsakuwa daga tifa. Ta yi kamar minti goma, ruwan sama ya sauko kusa da ita, ta siranta ta tsinke.

Abin da nake so ku riƙe shi ne wancan filin da na ce ba komai. Mutane suna jira sai sun ga igiyar ta taɓa ƙasa sannan su ce ta sauka, alhali iskar ta riga ta iso.

Malam_Taswira:
Madalla da wannan bayani Dan Jirgi, gani ya kori ji. Abin da ka lissafa kusan shi ne abin da wani masani Joseph Golden ya rubuta bayan ya bi su da jirgin sama a tsibiran Florida Keys wajen 1969. Matakai biyar ya kasa rayuwarta: tabo mai duhu, sai zane mai murɗewa a kan ruwa, sai zoben feshi, sai cikakken mazurari, sai mutuwa. Kuma sanyin iskar da ruwan sama ke saukowa da ita ne ke kashe ta, kamar yadda ka gani. Yankin nan na Keys yana cikin wuraren da aka fi samun su a duniya, ɗaruruwa a shekara.

Auta_Na_Gida:
Tambaya Malam, ruwan da take zuƙowa ina yake zuwa? Na ji an ce shi ya sa ake ruwan kifi a wasu wurare

Malam_Taswira:
Auta farin da kake gani ɗin nan galibinsa ba ruwan teku ba ne. Tururi ne da ke cikin iska, da ya shiga tsakiyar juyin inda matsin iska ya yi ƙasa sai ya yi sanyi ya zama gajimare. Wato gajimare ne mai siffar igiya. Ruwan gishirin na nan a ƙasa, feshin da ke kewaye gindinta, 'yan mitoci kawai yake tashi. Shi ya sa maganar "ruwa take sha" ba ta zauna ba. Zancen kifi kuwa an sha ba da rahoton ƙananan kifaye sun faɗo daga sama a wurare daban-daban, kuma guguwa ake ɗora wa alhaki.

Dan_Jirgi:
Ni dai shekara 11 ko tarwaɗa ɗaya ba ta faɗo min a ka ba hhh

Sarkin_Musu:
Tarwaɗa a teku? Kai ma dai Dan Jirgi

Hajiya_Babba:
Ku yara kun mai da abin wasa. Ni abin da ke ɗaure min kai sunayen ne. A labarai komai "mahaukaciyar guguwa" ake cewa, ko wadda ake sa wa sunan mutum ce ko wannan siririyar. Mutum ya rasa wacce ake nufi.

Injiniya_82:
Gaskiyarki Hajiya, kuma bambancin ba kaɗan ba ne. Wadda ake raɗa wa suna, irin su Katrina ko Idai, faɗinta ɗaruruwan kilomita ne, tana kwanaki a teku, tauraron ɗan adam na bin ta, ana sanar da mutane kwana biyu uku kafin ta iso har a kwashe gari guda. Tonado kuwa sau da yawa faɗinta bai wuce na filin ƙwallo ɗaya ko biyu ba, rayuwarta mintoci. Za ta rushe gidan nan ta bar na maƙwabci ko tukunyar fure ba ta faɗi ba.

Abin da mutane ba su sani ba shi ne babbar tana haifar ƙananan. Guguwar Ivan a 2004 ta haifi tonado kusan 120 a Amurka. Sannan guguwar Milton ranar 9 ga Oktoba 2024, ita ta sauka ne a gaɓar yammacin Fulorida da daddare, amma tun da rana tonado suka dinga sauka a can gaɓar gabas, nesa da inda kowa ya zuba ido. Kusa da Fort Pierce ɗaya ta shiga unguwar tsofaffi masu zama a gidajen da ake harhaɗawa a masana'anta, mutum 6 suka rasu. Mutanen da suke ganin su ai ba ta kansu za ta bi ba.

Hajiya_Babba:
Allah ya jiƙan musulmi, ya kyauta. Na gode ɗana, yanzu na gane.

Maman_Ilham:
To ku dawo kan tambayata ta biyu mana. In har suna da na'urori haka me ya hana a busa wani abu mutane su bar bakin ruwan?

Injiniya_82:
Ana yi, amma lokacin ne ƙanƙani. Ko a Amurka da suka fi kowa kayan aiki, kuma suke samun tonado sama da 1,000 duk shekara, tsakanin gargaɗi da saukarta yawanci minti goma ne da 'yan kai, wani lokaci ma babu ko ɗaya. Na'urar rada tana ganin juyin da ke cikin babban hadari, shi ya sa ake iya kama ta biyun da Malam ya faɗa. Ƙaramar kuwa juyinta a ƙasa-ƙasa yake, ita kuma rada hasken da take harbawa yana ƙara yin sama ne gwargwadon nisa saboda duniya a lanƙwashe take, sai ya bi ta saman abin bai gan shi ba. Ga shi a teku ba mutane da za su kira su ce ga ta nan.

Sannan ki duba su wane ne a bakin tekun. Baƙi ne 'yan yawon buɗe ido, wayar tana cikin jaka, wani ma ba ya jin harshen ƙasar, bai san ina zai gudu ba. Ga gine-ginen wajen, otal duk gilashi don a ga ruwa, shaguna na katako, tantuna, gidajen tirela. Kuma galibi ba ɗakin ƙarƙashin ƙasa, don in ka haƙa kaɗan ruwa za ka tarar, wasu gidajen ma a kan dirkoki aka ɗora su saboda ambaliya. Abin da ke cetonka daga ruwa shi ke miƙa ka ga iska.

Sarkin_Musu:
Duk na ji, amma ku kawo min garin bakin teku ɗaya da ta fito daga ruwa ta yi masa ɓarna ta gaske. Ba laima da kujera ba.

Yar_Baba:
Myrtle Beach a Amurka, 6 ga Yuli 2001, ana tsakiyar lokacin hutu. Ta bi layin otal-otal ta farfasa tagogi ta kifar da motoci, kusan mutum 40 suka ji rauni.

Malam_Taswira:
Ƙara da Taranto a kudancin Italiya, 28 ga Nuwamba 2012. Daga teku ta fito ta afka wa babbar masana'antar ƙarfe da ke garin, ta jefa ɗakin mai tuƙa na'urar ɗaga kaya cikin ruwa da mutumin a ciki, ya rasu. Akwai Kurnell a gefen Sidni ta Ostireliya, 16 ga Disamba 2015, a nan an auna iska mai gudun kilomita 213 a awa. Akwai ta tsibirin Pantelleria a Satumba 2021 da ta yi jifa da motoci ta kashe mutum 2. Wani lokacin ma akasin haka ake yi, ta taso daga tudu ta shiga ruwa, kamar ta Venis ranar 11 ga Satumba 1970 da ta kifar da jirgin fasinja, mutum 21 suka mutu a jirgin nan kaɗai, ta wuce ta faɗa wa sansanin masu hutu a bakin teku.

Sarkin_Musu:
To shi kenan, na sauka daga kan wannan. Amma har yanzu ina nan kan cewa mafi yawansu ba sa komai.

Malam_Taswira:
Wannan kam ba wanda ya musa maka. Matsalar ita ce kana tsaye a kan yashi ba ka da hanyar sanin wacce ce a gabanka.

Bakon_Dare:
Ni ban cika magana a nan ba amma wannan ta taɓa ni. Shekarun baya ina karatu a waje na yi aikin hutu a wani wurin cin abinci da ke bakin teku, aikina jera kujeru da kafa laimomi. Wata rana da la'asar sama ta yi wani irin launi, baƙi-baƙi kore-kore, iska ta ɗauke ɗif, zafi ya dame mu. Na ce wa mai wurin mu naɗe laimomin nan, ya ce baƙi sun biya kuɗi a bar su. Minti biyar ba a yi ba sai na ji kunnena ya toshe kamar a jirgin sama, yashi ya fara dukan fuska kamar allura, ban ma ga wata igiya ba ni, ruwan sama ya rufe komai. Muka ruga banɗaki mu bakwai muka dunƙule, wata mata tana ta kiran sunan ɗanta alhali yana rungume a jikinta. Ƙarar ba ta fi minti ɗaya ba. Da muka fito rumfar gaba babu ita, firij ɗin da sai mutum huɗu ke ɗagawa yana kwance a kan titi, wata laima kuma ta soke gilashin mota ta tsaya cak. Amma kofunan da na jera a kan kanta suna nan yadda na bar su, ko ɗaya bai faɗi ba. Har yau in na tuna kofunan nan sai tsigar jikina ta tashi.

Maman_Ilham:
Subhanallah. Sannu Malam, Allah ya ƙara tsarewa. Shi mai wurin me ya ce bayan nan?

Bakon_Dare:
Cewa ya yi mu tattara abin da ya rage hhh

Dan_Jirgi:
Maganar laima da ya yi ba ƙarama ba ce. Ko ba guguwa, iska mai ƙarfi kawai ta sha tumɓuke laimar bakin teku ta soki mutum har lahira, ya faru a Amurka fiye da sau ɗaya. Gindinta tsini ne fa. A tonado ma ba iskar ce ke yawan kisa ba, abin da ta ɗauko ne, kwanon rufi, katako, gilashi.

Auta_Na_Gida:
Shi wancan jirgin attajirin da ya nutse a Italiya fa, ba ita ba ce?

Dan_Jirgi:
Bayesian kake nufi, 19 ga Agusta 2024, kusa da Porticello a Sisili, da asuba yana tsaye ya jefa anka. Mutum 22 ne a ciki, 7 suka mutu har da attajirin Mike Lynch da 'yarsa. Da farko kowa guguwar teku ya ce, daga baya masu bincike suka fi karkata ga wata iska daban, wadda ke faɗowa daga cikin hadari kai tsaye ta daki ruwa ta bazu. Ita ba ta juyi, amma mu ma'aikatan jirgi mun fi tsoronta, don guguwa ko ba komai kana ganinta, ka kauce mata ta gefe, kar ka gudu a gabanta, kar kuma ka kuskura ka ratsa ta. Wannan kuwa sai dai ka ji ta.

Injiniya_82:
Shi ya sa bayan ɓarna sai masana sun je sun duba yadda abubuwa suka faɗi. In bishiyoyi duk sun kwanta gefe ɗaya iska ce miƙaƙƙiya, in sun kwanta a hargitse suna fuskantar juna to juyi aka yi. Da ɓarnar ne ma ake ba ta maki. Ma'aunin Fujita, wanda Ted Fujita na Jami'ar Chicago ya fitar a 1971, aka gyara shi a 2007 ya koma EF0 zuwa EF5. EF0 daga kilomita 105 a awa take farawa, EF5 ta haura 320. Wadda ta mutu a teku ba ta fasa komai ba, ba ta da maki.

Sarkin_Musu:
Kilomita 105 shi ne mai rauni?? To ai gudun mota ne a babban titi

Yar_Baba:
Yauwa Yaya, sannu da zuwa hhh

Abu_Sumayya:
Ni dai a ganina duk wannan lissafi ne, tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Wanda kwanansa ya ƙare ko a banɗakin ya ɓuya za ta same shi.

Hajiya_Babba:
Haka ne Malam, amma ai ba a ce ka tsaya kana ɗaukar hoto ba. Ka ɗaure raƙuminka sannan ka yi tawakkali. Dubi Bakon Dare, da sun tsaya a rumfar fa?

Abu_Sumayya:
Ban ce kar a gudu ba Hajiya. Ni ma in na gan ta ƙafa me na ci ban ba ki ba.

Auta_Na_Gida:
To gudun ina za a yi? Mota? Na kuma ji an ce a buɗe tagogi don kar gida ya fashe

Injiniya_82:
A'a Auta, zancen buɗe taga tsohon kuskure ne, ɓata lokaci ne kawai kuma ka kai kanka kusa da gilashi. Gini mai ƙwari za ka nema, hawa na ƙasa, ɗakin da ke tsakiya wanda ba taga, banɗaki ko lungun matakala, ka durƙusa ka rufe kanka da hannu ko katifa. A otal ka bar ɗakinka ka fito dogon lungun tsakiya. Mota ba mafaka ba ce, ƙarƙashin gada ma haka, iska matsewa take a wajen ta ƙara gudu. Virginia Beach a Amurka ta samu tonado mai makin EF3 ranar 30 ga Afrilu 2023, gidaje wajen 100 suka lalace amma ba a rasa rai ko ɗaya ba, an yi gargaɗi kuma mutane sun shige ciki.

Dan_Jirgi:
Kuma in kana kallonta ka ga kamar ba ta motsi, girma kawai take ƙarawa, to kai ta nufo.

Maman_Ilham:
Na karanta wa Alhaji duk abin da kuka rubuta. Ya ce a gaishe da Malam Taswira da Injiniya, amma wai shi har yanzu bai faɗi ba tunda ta cikin bidiyon ta mutu bayan ta kwashe kujerun. Na ce to da kana kan ɗaya daga kujerun fa? Ya yi shiru ya ɗauki waya.

Sarkin_Musu:
Ki ce masa ina bayansa. Amma Malam tsaya, ka ce ruwa mai ɗumi ke haifar da ƙaramar, to kenan yanzu da ake cewa teku na ƙara zafi za su ƙaru ne, ko dai wayoyi ne suka yi yawa kowa na ɗauka?

Malam_Taswira:
Yanzu zan shiga aji, in na fito zan dawo kan wannan, don maganar tana da tsawo kuma su kansu masanan ba su gama daidaitawa a kanta ba.

Yar_Baba:
Maman Ilham turo mana bidiyon mana mu gani ko a ina ne